Littafin Garin da Ya Watse

Duk Bahaushen da ya taɓa ƙoƙarin jera sunayen kakanninsa ya san inda igiyar take tsinkewa. Uba, kaka, mahaifin kaka, wataƙila da wanda ya haife shi. Daga nan sai a shiga "an ce". Ta wajen uwa kuwa igiyar ta fi gajarta. Ni da na fito daga gidan da ake yi wa kallon yana riƙe da tarihinsa, a wani ƙauye tsakanin Anka da Bukkuyum, maza biyar nake iya jerawa ta wajen mahaifina, mata biyu kacal ta wajen mahaifiyata. A da wannan bai zama abin damuwa ba. Gari yana nan, maƙabarta tana nan, tsofaffi suna zaune a ƙofar masallaci bayan la'asar, wanda ya so sanin wani abu sai ya je ya tambaya. Ba mu rubuta ba ne saboda garin kansa shi ne kundin.

Yanzu kundin ne yake watsewa. Shekara goma da 'yan kai ke nan 'yan bindiga suna tayar da ƙauyukan yammacin Zamfara ɗaya bayan ɗaya. Mutanen tunga guda sukan rabu uku ko huɗu: wasu a cikin garin Anka, inda har filin da aka fara ginin sabuwar fadar sarki ya zama sansanin 'yan gudun hijira, wasu a Gummi ko Gusau, samari kuma sun gangara kudu neman abin kai wa baki. Tsoho shi ne wanda hijira ta fi saurin kayarwa. Ya bar gonarsa da inuwar da ya saba da ita, damina biyu ko uku sai ka ji an yi jana'izarsa a garin da babu wanda ya san sunan mahaifinsa. Ambaliyar da ta ci Gummi a watan Agusta na 2024 ta tuna mana cewa 'yan takardun da ke cikin akwatunan gidaje su ma ba su da wani tsaro.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun farkon watan Janairu na 2022, lokacin da aka kai hare-hare a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe. Mutanen yankin suka ce sun kai 200. Aka yi 'yan kwanaki ana jayayya, sannan duniya ta wuce. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu mutane ne, kowannensu da sunan da aka raɗa masa ranar bakwai. Da wani ya zauna ya rubuta su ɗaya bayan ɗaya, wane ɗan wane na gidan wane, da jayayyar ta mutu a take. Haka ma yaran da gubar dalma ta kashe a 2010 a Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma da maƙwabtansu, sakamakon niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Duniya ta san su da "fiye da 400". Mafi yawansu ba su kai shekara biyar ba. Iyayensu mata ne kaɗai suke riƙe da sunayensu.

Wannan ne ya kai ni ga karanta yadda Yahudawan gabashin Turai da zuriyarsu suke binciken tarihin danginsu. Na san abin da mai karatu zai fara ji da an ambaci sunan, ganin abin da ke faruwa a Falasɗinu. Amma dabarar da zan yi bayani ba mallakar wata al'umma ba ce. Falasɗinawa ma da irinta suka riƙe ƙauyukansu da aka rushe a 1948: littafin da Walid Khalidi ya jagoranci haɗawa, wanda ya fito a 1992, ya bi ƙauyuka 418 ɗaya bayan ɗaya. Ba kuma ina auna abin da ya same mu da kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa kimanin miliyan 6 ba ne. Abin da ya ja hankalina shi ne sun fi kowa daɗewa suna fama da tambayar da ta fara ƙwanƙwasa ƙofarmu: yaya ake gano dangi bayan garin ya shafe, tsofaffin sun tafi?

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne matsalarsu ta suna irin tamu ce. Har ƙarshen ƙarni na 18, yawancin Yahudawan gabashin Turai ba su da sunan dangi da ake gado. Wane ɗan wane ne, kamar yadda muke yi. Hukuma ce ta tilasta musu: Sarkin Ostiriya Joseph na Biyu a 1787, Rasha a 1804, Napoleon a Faransa a 1808, Farashiya ta ƙasar Jamus a 1812. Dalilin kuwa haraji ne da ɗaukar soja. Wasu suka ɗauki sunan sana'a, wasu na gari. Wanda ya san yadda makarantun boko na Arewa suka liƙa wa ɗalibai sunayen garuruwansu, har muka samu Aminu Kano da Shehu Shagari, zai gane hoton. Kuma kamar yadda kakanninmu suke ɓoye shanu ranar ƙidayar jangali, su ɓoye yara kada a kai su makarantar Nasara, haka iyalan Yahudawa a daular Rasha suke ɓoye 'ya'ya maza ko su sauya musu shekaru, musamman bayan 1827 da aka fara ɗaukarsu soja. Saboda haka mai bincike a cikinsu ya koyi cewa takardar hukuma shaida ce da ake yi wa tambayoyi, ba a haɗiye ta da ɗumi.

Tsakanin 1881 da 1924 Yahudawa fiye da miliyan 2 suka bar gabashin Turai zuwa Amurka. Da suka sauka New York sai mutanen kowane gari suka kafa ƙungiyarsu, wadda suke kira landsmanshaft: a yi karo-karo, a taimaki sabon zuwa, a duba mara lafiya, a sayi fili a maƙabarta domin 'yan gari ɗaya su kwanta kusa da juna. Babu abin da ya bambanta su da ƙungiyoyin 'yan asalin gari da muke da su a Kaduna da Abuja da Legas. Amma bayan 1945, da labari ya tabbata cewa garuruwan da suka baro a Folan da Lituweniya da Yukren babu sauran Bayahude a cikinsu, sai waɗannan ƙungiyoyi suka ɗauki wani aiki da ba don shi aka kafa su ba. Suka shiga rubuta littattafan da ake kira yizkor, wato na tunawa, kowane gari da nasa. Ɗaruruwa aka buga, yawanci tsakanin shekarun 1950 da 1970, da harshen Yidish da Ibrananci.

Littattafan nan su ne suka fi kama ni, don ba masana tarihi ne suka rubuta su ba. Tela ne da direba da malamar makaranta, kowa ya aiko da abin da ya tuna: ranar kasuwa, mai ɗebo ruwa, malamin yara mai zafin hannu, gobarar shekara kaza. A yawancinsu akwai taswirar garin da wani ya zana da ka, layi-layi, ga wurin ibada, ga rijiya, ga gidan wane. A ƙarshe kuma sai jerin sunayen waɗanda aka kashe, iyali-iyali. Masana sun san akwai kurakurai a ciki, akwai son kai, akwai ƙawata abin da ya wuce. Duk da haka, ga garuruwa da yawa, su ne kaɗai abin da ya rage. A Birnin Ƙudus kuma cibiyar Yad Vashem, wadda aka kafa a 1953, ta fito da takarda mai shafi ɗaya da duk wanda ya san wani mamaci zai cike: sunansa, iyayensa, garinsu, sana'arsa, da dangantakar mai cikewa da shi. Da wannan shafi da sauran takardu aka tattara sunaye fiye da miliyan 4.8.

Jikokinsu ne suka mayar da abin ilimi mai ƙa'ida. A 1977 aka kafa wata ƙungiyar binciken salsalar Yahudawa a New York, daga nan irinta suka bazu birni-birni. Abin da suke yi ba mai ban tsoro ba ne. Ana haɗuwa sau ɗaya a wata a ɗakin karatu ko zauren unguwa. Wani ya koyar da yadda ake karanta takardar fasinjojin jirgin ruwa; wata ta nuna yadda ake fassara rubutun dutsen kabari, wanda kusan kullum yake ɗauke da sunan mahaifin mamaci, ka ga an samu hawa biyu a dutse ɗaya; sabon shiga ya zo da hoton kakarsa a taya shi duba bayansa. A 1987 wata mata a Houston, Susan King, ta fara abin da ya zama JewishGen, rumbun bayanai na intanet wanda mutanen da ba a biyansu ko sisi suka cika da miliyoyin sunaye, suna kwafe tsofaffin rajistocin haihuwa da aure da haraji layi bayan layi. Da rikicin rubuta suna ya ishe su, don suna ɗaya yakan fito da siffa biyar a Rashanci da Jamusanci da Yidish, sai Gary Mokotoff da Randy Daitch suka tsara wata hanya a 1985 da kwamfuta za ta riƙa nemo suna ta yadda ake furta shi. Wanda ya taɓa neman Bukkuyum a takardun Turawa ya tarar da ita a matsayin Bukwium, ko ya lura cewa Sheikh Abubakar Mahmud Gumi da garin haihuwarsa Gummi ba su yi daidai a yawan harafi ba, ya san amfanin wannan.

To mu me muke da shi? Zamfara ta taɓa watsewa, kuma yadda aka riƙe tarihin wancan karon yana da darasi. A farkon shekarun 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Gobirawa suka kafa Alƙalawa a ƙasar da ta kasance ta Zamfarawa. Gidan sarautar ya yi ta ƙaura, ya zauna a Kiyawa, ya zauna a Sabon Gari, har ya tabbata a Anka a farkon ƙarni na 19. Duk da wannan yawo jerin sarakunan bai ɓata ba, tun daga Dakka da ake cewa shi ne na farko, har da sarauniya 'Yargoje. Bajamushe Kurt Krieger ya yi bincike a ƙasar Anka, ya buga tarihin Zamfara da Jamusanci a 1959. Garba Nadama, wanda daga baya ya zama gwamnan tsohuwar Jihar Sakkwato, a kan tashi da faɗuwar daular Zamfara ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977. Sarauta tana da maroƙa da makaɗa da malaman fada, mutanen da abincinsu ya rataya a kan kada sunan ya ɓata. Je ka fadar Sarkin Zamfaran Anka, ko ta Sarkin Mafaran Gummi, ko ta Sarkin Dankon Bukkuyum, za ka samu mai jero maka sarakuna ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Amma manoma da maƙera da masunta da suka fita daga Birnin Zamfara da kaya a ka, babu wanda ya san sunan ko ɗaya daga cikinsu. Idan aka bar abin yadda yake, watsewar yau ma haka za ta kasance a idon wanda zai zo nan da shekara ɗari: sunayen gwamnoni da sarakuna da manyan 'yan bindiga, sai kuma lambobi.

Ba gaskiya ba ne cewa talaka bai bar sawu a takarda ba. Ya bari, ba a dai bi ba ne. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, abin da ya fi damunsu shi ne haraji, kuma haraji yana buƙatar ƙidaya. Jami'ansu sun zaga gunduma-gunduma suna rubuta rahoton kimanta haraji: ƙauyuka nawa, wa ya kafa su, daga ina suka zo, wace sana'a suke yi. Irin waɗannan rahotanni na Lardin Sakkwato suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Akwai Gidan Arewa, shi ma a Kaduna, akwai kuma Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Sai dai a karanta su da irin idon da na ambata: abin da Bature ya rubuta shi ne abin da uban ƙasa ya ga dama ya faɗa wa tafinta, uban ƙasa kuma yana da ƙauyen da yake so a ce nasa ne tun fil azal.

Wanda ya fi waɗannan daraja a wurina shi ne littafin kotun alƙali. Shari'ar gado ba ta yiwuwa sai an lissafa magada duka: mata nawa, 'ya'ya maza, 'ya'ya mata, wa ya riga wa rasuwa. Shafi ɗaya na rabon gado salsala ce cikakkiya, kuma kusan nan ne kaɗai hukuma ta rubuta sunayen mata na yanka, ba tare da alkunya ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da mace ba ta kama sunan mijinta ko na ɗan farinta, suruka takan rayu ta mutu ana kiranta da laƙabi, har jikokinta su ɗauka Kande ko Delu ne sunanta. Sai kuma gafakar malamai. Mai kwafe littafi da hannu yakan rufe da sunansa da na mahaifinsa da na kakansa, wani lokaci da gari da shekara. A bangon Alƙur'ani ko gefen wani littafin fiƙihu sau da yawa akan tarar an rubuta da ajami cewa an haifi wane ranar kaza ga wata kaza. Na ga irin wannan a gidanmu: haihuwa bakwai da hannun mutum biyu daban, tawada ta koɗe amma tana karantuwa. Ƙara da tsohon fasfo na aikin hajji, rajistar makarantar elemantare, rasiɗin haraji da aka naɗe a gwangwani. Dutsen kabari ne kawai ba mu da shi, kuma ba za mu yi ba. Damina biyu ta isa ta daidaita kabari da ƙasa. Don haka abin da su suka samu a maƙabarta, mu sai a bakin mai rai.

Bakin mai rai kuwa yana da nasa haɗarin. Littafin Alex Haley na 1976, wanda ya bi salsalarsa har ƙauyen Juffure na Gambiya, shi ne ya zaburar da Amurkawa da yawa, har da Yahudawan da na ambata, su shiga neman asali. Daga baya masana tarihi suka nuna cewa mutumin da ya ba shi labarin ya riga ya san abin da baƙon yake nema kafin su zauna. Duk wanda ya taɓa ba maroƙi kuɗi ya san yadda ake yi: ka nuna inda kake so a kai ka, a kai ka. Mu kuma duk gabas muke so. Da wuya ka samu gidan da ya yarda cewa a nan ya tsira; daga Misira, sai Yamal, sai Bagadaza. Turawa ma sun taya mu: Bafaranshe Maurice Delafosse ya rubuta a 1912 cewa Fulani sun samo asali ne daga wasu Yahudawan Sham, maganar da ba ta da hujja kuma masana suka daɗe da ajiye ta.

Inda aka samu hujja a Afirka ta Yamma shi ne Tambutu, kuma takarda ce ta kawo ta. Sunan Muhammad ɗan Abdulkarim al-Maghili sananne ne a wurinmu: ya zo Katsina da Kano, ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki, kuma Sharifan Kano suna danganta kansu da shi. Abin da ba mu cika ambata ba shi ne kafin ya zo, wajen 1492, shi ya jagoranci rushe wurin ibadar Yahudawan Tamantit a Tuwat, cikin Sahara, waɗanda suke da hannu a fataucin da ya haɗa Arewacin Afirka da ƙasashenmu. A ƙarni na 19 wani malamin Yahudawa, Mardochée Aby Serour, ya zauna a Tambutu yana kasuwanci tare da danginsa. Mutumin Akka ne ta kudancin Maroko; Akka na ce, ba Anka ba, kafin wani ya gina salsala a kan kamannin suna. A 1993 masanin tarihi Ismaël Diadié Haïdara ya kafa ƙungiya mai suna Zakhor a Tambutu domin iyalan da suke ganin suna da wannan asali, a 1999 kuma ya buga littafi da ya tattara takardun ciniki da wasiƙu da suka shafi Yahudawan garin. Iyalan nan Musulmi ne tun kaka da kakanni, kuma binciken bai fitar da kowa daga addininsa ba. Ya dai fito da abin da gidaje suka daɗe suna rufewa.

Mu ma muna da abin da muke rufewa, kuma duk wanda zai shiga wannan aiki gara ya shirya masa. Sanarwar Lugard ta 1901 ta ce duk yaron da aka haifa bayan ƙarshen watan Maris na shekarar ɗa ne, amma sai 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Tsakanin nan kotunan alƙalai sun yi ta ba da takardun 'yanci ga waɗanda suka fanshi kansu ko aka fanshe su, aka kuma rubuta sunayensu a rajista. Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun yi amfani da irin waɗannan takardu a littafinsu na 1993 kan yadda bauta ta mutu sannu a hankali a Arewa. Ma'ana, mai bin salsalarsa yana iya isa wurin da igiyar ta tsinke ba don mantuwa ba, sai don an yanke ta da gangan: kaka wadda aka kamo daga kudancin Gulbin Ka, ko kakan da ya saye ta. Ra'ayina shi ne a rubuta, amma iyalin da abin ya shafa su ne masu cewa a fitar ko a ajiye. A ƙasar da har yau ake fasa aure saboda "asali", takarda tana iya zama makami, kuma ba don a ba masu gori sanda za a yi wannan wahala ba.

Wani zai ce mutanen da ba su da abincin dare ina ruwansu da salsala. Amsar tana wurin alƙali. Ranar da aka koma ƙauyukan nan, in Allah ya kawo ta, rigimar farko ta gona ce. Iyakar da kowa ya sani da kuka ko tsamiya ko jerin gamba, dattawan da suka san ta sun rasu a Anka da Gusau, wani ya noma wurin shekara biyar. Maraya da aka fita da shi a goye zai dawo da gemu yana neman gadon ubansa, sai an samu mai shaida cewa shi ɗan wane ne. Akwai ma wadda ta fi wannan laushi: shayarwa. A gudun hijira mata suna shayar da 'ya'yan da iyayensu suka mutu ko aka sace, kuma nono yana haramta aure kamar yadda jini yake haramtawa. Wa ta shayar da wa, ilimi ne da yake zaune a kan tsofaffin mata kaɗai, babu shi a kowace rajista. Shekara ashirin nan gaba za a buƙace shi a wurin ɗaurin aure.

Littafin kuma ba zai cika ba idan ƙauyukan Hausawa kaɗai ya ɗauka. An ƙone rugage, 'yan sa-kai sun kashe Fulanin da ba su ji ba ba su gani ba, a kasuwa da kan hanya, kuma su ma ba a rubuta sunayensu ba. Na san wannan magana tana da ɗaci ga wanda ya binne 'yan'uwansa. Amma rugar da ta yi shekara arba'in a bayan gari, ana musayar nono da hatsi da ita, tana cikin taswirar garin ko an so ko an ƙi, kuma taswirar da ta cire ta ƙarya ce tun ranar da aka zana ta.

Ba na tsammanin gwamnati za ta yi wannan aiki, kuma ba na jin ita ta dace da shi. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Nijeriya ta 2006 ce. Ƙungiyoyin 'yan gari su ne suke da abin da ake buƙata: sun san wa ya koma ina, tsofaffi sun yarda da su, kuma suna da 'ya'ya masu digiri da wayoyin da ke ɗaukar murya da hoto. Kusan kowane babban gida yanzu yana da zauren WhatsApp da ake sanar da haihuwa da rasuwa. Rajista ce da ake rubutawa kullum, ana kuma share ta duk lokacin da waya ta cika ko ta faɗa ruwa. Kuɗin da ake kashewa a kalanda da walimar taron shekara ya isa a sayi manyan littattafan rubutu, a biya wa ɗalibai biyu kuɗin mota zuwa Kaduna su ɗauko hoton abin da ya shafi gundumarsu, a kuma zauna da malamin da ya iya karanta ajamin da. Tilas mata su kasance cikin masu tambayar, domin abin da tsohuwa za ta faɗa wa jikarta ba za ta faɗa wa namiji baƙo ba. Tilas kuma a yi hattara da inda ake ajiyewa. Jerin sunayen masu gonaki da shanu, a yankin da ake satar mutane don kuɗin fansa kuma ake fama da masu kai rahoto, ba abin watsawa a Facebook ba ne. Kwafi biyu ko uku a hannun amintattu a garuruwa daban-daban ya fi.

Yadda za a fara kuwa, da na tambayi kaina, sai na ga masu littattafan yizkor sun riga sun nuna. Kada a ce wa tsoho ya ba da tarihin gari. Zai fara daga gabas ne, ya ƙare a kan sarakuna. A shimfiɗa masa babbar takarda, a zana masallacin Juma'a a tsakiya, a ce: Baba, in ka fito ka yi dama, gidan wa za ka fara tararwa? Ya faɗa, a rubuta. Wa ya haife shi? Matansa nawa, 'yan wane gari ne? 'Ya'yansa fa, ina suke yanzu, wa ya rasu, a ina aka binne shi? Gonarsa tana iyaka da ta wa? A rubuta sunan mai ba da bayanin da ranar da ya bayar a ƙasan shafin. Washegari a kai wa wata tsohuwa daga unguwar takardar, a karanta mata, a rubuta gyaranta a gefe ba tare da an goge na farko ba. Sannan a wuce gida na gaba.